Zabin Da Na Kai Wa Alƙali

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa alƙali zabi ba, ko da duk abin da ke cikin kan nan nawa zai zube. Yanzu in zan kira jika ɗaya, sai na jero sunaye uku kafin in kamo nasa. Amma wannan rana tana nan daram, har kalar kwandon ina gani.

Ni mutuniyar Wagini ce, ƙasar Batsari. A nan aka yanke mani cibiya, a nan aka ɗaura mani aure, a nan aka rufe mijina Malam Audu, Allah Ya jiƙansa. Ban yi boko ba, allon ma ban wuce ƙananan surori ba. Amma in ana maganar sanin ya kamata, ni ake aikowa a kira. In za a kai amarya, ni ke yi mata faɗa. In mata za su je gaida maigari, ni ke faɗin abin da za a riƙa da yadda za a durƙusa. (Ku riƙe wannan da kyau, don ku san daga tudun da na faɗo.)

Malam ya rasu ya bar mana gona a bayan gari, kusa ƙwarai, in kina cikinta kina jin kiran salla. A da ba wanda ya damu da ita, jigawa ce, manyan gonaki suna can cikin daji. To da zamani ya juya, gonakin daji suka gagari zuwa saboda ɓarayin daji, sai idon kowa ya dawo kan na bakin gari. Da ita nake ciyar da marayu huɗu, ɗiyan ɗana da shi ma ya riga mu. Gero ne, da wake, da 'yar gyaɗa a gefe. In ba ta, ba tuwo a gidana.

Ana nan, ana nan, sai Lawal ya taso. Lawal ɗan wan mijina ne, yaron da na goya da zanena. Ya ce wai gonar ta ubansa ce, aro aka ba Malam. Maigari ya zaunar da mu sau biyu, kowane zama a tashi ana huci. Daga ƙarshe sai ga sammaci daga kotu a Batsari.

Ranar zaman farko, mijin ɗiyata, wanda malamin firamare ne, ya tare ni a zaure.

"Inna, don Allah kada ki riƙa komai. Ko goro ɗaya."

"Gaban babban mutum za ni fa."

"Na sani. Can ba a haka."

Na bi maganarsa, don ya yi karatu. Amma wallahi da na shiga gaban alƙali hannu rabbana, ji na yi kamar na fito ba kallabi. Alƙalin dattijo ne mai farin gemu da tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya saurari Lawal, ya saurare ni, ya ce kada wanda ya sa fartanya a gonar sai an yanke hukunci, kowa ya kawo shaidunsa bayan mako biyu. Mako biyu suka cika, muka koma, sai babban shaidana, Malam Tanko, wanda da shi aka share gonar tun tana daji, ya kwanta zazzaɓi. Alƙali ya sake ɗagawa.

Ku da kuka yi boko za ku ce ai dalilin a fili yake, shaida ba shi da lafiya. Ni ba haka na gani ba. Na kwana na tashi ina lissafi: sau biyu na je gaban mutumin nan ba ko ƙullin daddawa, sau biyu ya ce in je in dawo. Ko maigari ne ai sai ya ce tsohuwar nan ba ta san girma ba. Ga shi hadari ya fara haɗuwa ta gabas, makwabta sun gama sharar gona, tawa tana kwance.

Sai na kama zabina biyu, masu ƙiba, waɗanda nake tanadi saboda salla. Na ɗaure masu ƙafa da tsumma, na sa a kwando, na rufe da tsohon zane. Ban gaya wa surukina ba. Ban ma yanke shawarar miƙawa ba, na dai ce in je in ga yadda gari ya waye. Na hau bayan ɗan kabu-kabu, kwando a cinya, hijabi a kai.

Muna isa na ga kotu ta sauya. Rumfuna a fili, kujerun roba jere, ga motoci. Ga wasu mutane maza da mata cikin baƙaƙen kwat, mazan sun shaƙe wuyansu da ƙyalle, a wannan zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Na ce ko alƙalin ne ya rasu. Na tari masinjan kotu.

"Ɗan nan, lafiya? Mi ya faru?"

"Lafiya lau, Inna. Ƙungiyar lauyoyi ce daga Katsina, sun kawo wa kotu gudummawa. In an gama taro za a zauna shari'a. Ki sami wuri."

Na sami kujera a layi na uku, na tura kwando ƙarƙashinta. Can gefe na hango Lawal da hularsa a karkace, ya yi kamar bai gan ni ba. Malam Tanko ma ya samu sauƙi, yana zaune da sandarsa.

Aka buɗe da addu'a. Shugaban lauyoyin, wani dogo mai sanƙo, ya karɓi abin magana. Rabi Turanci, rabi Hausa, ni ina tsintar rabona. Ya ce kotu ta kowa ce, bai kamata tsoho ya zo neman haƙƙinsa ya zauna a ƙasa ba. Ya ce sun zo da lauyoyi da za su saurari duk wanda ba shi da ƙarfi, kyauta, kuma akwai teburin sulhu ga masu so. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce kada kowa ya kuskura ya ba da cin hanci, mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne.

Na gyaɗa kai sosai, har na ce "Ƙwarai kuwa!" da ƙarfi. Don ni ma na tsani cin hanci. A sanina, cin hanci shi ne abin da ake miƙawa ta ƙarƙashin riga, a bayan ɗaki, ana waige-waige. Abin da aka kawo gaban jama'a da sallama, wannan sunansa gaisuwa.

Sai aka fara sauke kaya daga mota. Bencina sababbi, suna ƙamshin fenti. Fankoki a kwali. Faifan nan da ke shan rana ya ba da wuta. Da wani dogon akwatin ƙarfe mai aljihuna, wai na ajiye takardu. Alƙali ya miƙe. Dogon nan ya miƙa masa fanka, shi ya riƙe gefe, alƙali ya riƙe gefe, suka tsaya suna murmushi ana ɗaukar su hoto. Jama'a suka tafa. Aka kawo akwatin, aka tafa. Alƙali ya yi godiya, ya sa albarka.

Na tambayi matar da ke kusa da ni, "Waɗannan masu baƙaƙen kayan, mi ne ne aikinsu?"

"Su ne ke tsaya wa mutane a gaban alƙali."

"Wannan alƙalin?"

"Shi da waninsa."

Jama'a, sai na ji kaina ya buɗe. Ashe haka abin yake! Waɗanda ke da magana a gabansa, ga su sun kawo gaisuwarsu mota guda, da rana tsaka, ya karɓa da hannu biyu. Ni kuwa surukina ya sa na zo sau biyu kamar marar tarbiyya. Na ce a raina, bari in koma gida, zai ji daga gare ni. Na gode wa Allah da Ya sa ban bar zabin nan ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne ƙanƙantarsu kusa da fanka.

Can sai mai gabatarwa ya ce, "To, cikin jama'a in akwai mai tambaya ko mai wani abin faɗi, ya fito."

Ba wanda ya motsa. Na ce kunya ce irin ta mutanenmu, bari babba ta buɗe hanya. Na jawo kwandona, na gyara hijabi, na taka a hankali yadda nake koya wa amare. Na isa gaban alƙali na durƙusa har ƙasa. Mai gabatarwa, bawan Allah, ya sunkuyo ya kara mani abin magana a baki. (Da bai kara ba, da layin gaba kaɗai suka ji. Ya kara. Har masu sayar da rake a bakin titi sun ji.)

"Salamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Ni ce matar marigayi Malam Audu ta Wagini, mai shari'ar gona da Lawal, ga shi can mai karkatacciyar hula. Sau biyu na zo gabanka hannu sake, ka yafe mani, yaran zamani ne suka ruɗe ni. Yau na ga yadda ake yi. Ni ba ni da fanka, ga dai zabi biyu a yi wa yara romo. In an zo yanke hukunci a duba marayu."

Na yaye zanen, na tura kwandon gaban takalmansa. Na ɗan dakata, ina jiran tafi.

Tsit. Irin shirun da in allura ta faɗi sai an waiga.

Alƙali ya janye ƙafafunsa da sauri kamar ya ga kububuwa. Ya ɗaga hannuwansa biyu sama don kowa ya ga bai taɓa ba. Yana cewa, "Subhanallahi. Subhanallahi." Dogon mai sanƙo ya buɗe baki ya kasa rufewa. Na duba hagu, na duba dama. Na ce ko ban bayyana da kyau ba ne, sai na sake jawo abin maganar.

"A fili na kawo fa, kamar yadda su ma suka kawo nasu."

Nan wata daga cikin lauyoyin ta tura fuska cikin gyalenta, kafaɗunta na girgiza. Sai muryar Lawal daga baya:

"Kun gani ko! Jama'a ku shaida! A rubuta! Zabi biyu!"

Kamar ihunsa take jira, ɗaya zabuwar ta zame tsumman ƙafarta. Ta yi fiffike ta haye kan sabon akwatin ƙarfen, ta ɓare baki da irin kukansu mai tsaga kunne, ta bar masa shaida fara a kai, sannan ta bi ta kan manyan baƙi. Na ga lauya guda, babban mutum da tumbinsa, ya bi ta da gudu ƙyallen wuyansa na tashi. Masinja na ihu a tare ta can. Wuri ya kece da dariya, wasu har da riƙe ciki. Ni ina durƙushe. Ban san mi na yi ba, amma jikina ya gaya mani na yi shi babba.

Wata mai laushin hannu ta kama ni ta ɗaga. Ita ce mai dariyar cikin gyale, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar autata ba, ana ce mata Barista Binta. Ta ɗauki kwandon da sauran zabuwa ɗaya, ta ja ni gindin wata darbejiya a bayan kotu.

"Iya, zauna. Sha ruwa. Wa ya ce ki yi haka?"

"Ku."

"Mu?"

"Ba yanzu kuka ba shi fanka ba?"

"Iya, ba shi muka ba. Kotu muka ba."

"Ni da idona na ga ya riƙe."

"Ya riƙe ne a madadin kotu. Ko gobe aka sauya masa wurin aiki, zai tafi ya bar ta nan."

"To ni ma a ce kotun na ba."

"Iya, kotu ba ta shan romo."

Na juya maganar a raina. Ba ta shan romo, amma tana jin zafi har a saya mata fanka? Ban faɗa ba, don na ga yarinyar tana ƙoƙari.

"Kuma mu ba mu ce a duba mu in an zo hukunci ba," in ji ta. "Ke kin faɗa. A lasifika."

"To in ban faɗa ba, yaya zai san ta wace ce?"

Ta dafe goshi. Kafin ta amsa, masinja ya zo ya raɗa mata magana. Na ga dariyar ta bar fuskarta, ta tsuguna a gabana.

"Iya, ki saurare ni da kyau. Alƙali ya ce ya san ba da mugun nufi kika yi ba, ba zai sa a kama ki ba. Amma ya ce ba zai iya ci gaba da shari'arki ba. In ya ba ki gona, za a ce zabi ne. In ya hana ki, za a ce don ya wanke kansa ne. Zai rubuta sama a mayar da ita wata kotun, wataƙila Safana."

"Yaushe za a zauna a can?"

"Sai takarda ta je ta dawo. Wata biyu, ko uku."

"Ruwa fa? Ya ce kada a sa fartanya sai an yanke."

"Wannan umarnin yana nan."

A nan ne kunyar ta koma tsoro. Wata uku, ai an yi shuka, an yi noman farko, an yi maimai. Na ga rumbuna wayam, na ga yara huɗu da kwanoni. Ba Lawal ya yi mani ba, ba alƙali ba. Ni na ɗauko abina tun daga Wagini a kan cinyata. Na ce, "Ɗiyar nan, na kashe marayu da hannuna." Hawaye suka zubo, ni da ko ranar rasuwar Malam sai da na shiga ɗaki na yi nawa.

Ta riƙe hannuna ta ce akwai hanya ɗaya. In ni da Lawal muka yi sulhu yau a teburinsu, aka rubuta, muka janye ƙara, to ba sauran shari'ar da za a kai ko'ina, gobe ma sai in shiga gona.

Aka kira Lawal. Ya zo yana taku ɗai-ɗai, haƙora a waje.

"Sulhun mi? Ai Inna ta gama mani aiki. Mu haɗu a Safana."

Mai tumbin nan da ya bi zabuwa, yana share gumi (bai kama ta ba, ta haura katanga, har yau ban sake ganinta ba), ya ce, "Malam Lawal, zauna. A Safana ba zabi za a tambaya ba, shaidu za a tambaya. Ina naka?"

Lawal ya sosa ƙeya. Aka kira Malam Tanko, ya dogara sandarsa ya faɗi shekarar da suka share gonar da Malam Audu, da itacen da suka bari a kowace kusurwa, da wanda ya ba su ruwa ranar. Ya ce uban Lawal a lokacin yana Kurmi yana fataucin goro. Lawal ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, muryarsa ta sauya.

"Inna, ni fa ba ni da inda zan kafa fartanya bana. Tawa tana daji. Ɗiya tara gare ni."

"Yo ba sai ka zo ka faɗa mani haka ba, ɗan banza?"

"Na zo. Ban gama sallama ba kika biyo ni da muciya."

(Wannan gaskiya ne. An riga an kawo mani gulmar abin da ke tafe da shi, ban tsaya na ji daga bakinsa ba.)

Aka yi ta ja, har la'asar ta kawo kai. Barista Binta ta tsaya kai da fata cewa dukiyar marayu ba a kyauta da ita, ko taki ɗaya. Daga ƙarshe aka rubuta cewa gona ta Malam Audu ce da magadansa, Lawal ya amsa da bakinsa. Ni kuma na ba shi aron kashi ɗaya cikin uku har damina uku, shi kuma zai riƙa yi wa marayu huɗa da shanunsa. Muka dangwala yatsa. Barista Binta na goge mani shuɗin tawadar, na tambaye ta a hankali, da ban kawo zabin ba fa?

"Da wannan shaidar taki? Da yanzu kina gida da gonarki sukutum."

Na sunkuya na ƙara ɗaure ƙafar zabuwar da ta rage.

Saura abu ɗaya, sai mun shiga gaban alƙali mun faɗa da bakinmu cewa mun janye. Na roƙi a yafe mani wannan, aka ce ba hali. Na shiga hijabi har kan hanci. An riga an jera sababbin bencina, an kafa fanka tana juyawa. Aka zaunar da ni gefe, Lawal gefe. Aka karanta takarda, muka amsa. Alƙali ya cire tabarau ya dube ni, ni kuwa ina duban siminti.

"Inna, kina jin iskar fankar nan?"

"Ina ji, Allah Ya gafarta Malam."

"Lawal, kai fa?"

"Ina ji."

"Ni kuwa nan ba ta isowa sosai. To kin ga bambancinta da zabuwa. Ku tashi, Allah Ya ba da damina mai albarka."

Na ce amin, na ce na gane. Rabi na gane. Sauran rabin ina nan ina juya shi har yau in ina tsinke wake.

Kwana shida bayan nan ruwa ya sauka, muka yi shuka. Gero ya yi kyau, har na ɓangaren Lawal, wanda nake wucewa ta gefensa kullum ina kau da kai. Labari kuwa ya riga ni isa Wagini, wai har a waya an gan ni durƙushe. Surukina bai ce mani uffan ba, ya dai gaishe ni ya fita da sauri, na ji shi a bayan katanga yana tari irin wanda ba na mura ba. Amare kuma yanzu in ina yi masu faɗa sai in ga suna cizon leɓe.

Abin da na koya a tsufana ga shi, ku riƙe, kyauta na ba ku. In kika ga manya na miƙa kaya ana tafi, kada ki yi saurin kwance kwandonki. Ki fara tambaya wa ake ba. In aka ce maki wanda ya miƙo hannu ya karɓa ba shi aka ba ba, kada ki yi gardama, ki koma ki zauna. Masu baƙar kwat sun san abin da suke nufi, ko da ke ba ki sani ba.